Shawarmar naman shanu: me ke cikinta, kuma yaya ake haɗa wadda za ta amfani jiki

Shawarma, wato naman shanu da ganye da ake naɗewa cikin siririn burodi, ta daɗe da fitowa daga shagunan 'yan Lebanon na unguwar Osu a birnin Accra ta shigo zango. Yau a Nima da Mamobi da Madina da Fadama, da an idar da Magariba za a ga mai shawarma ya kunna wuta kusa da mai tsitsinga, matasa sun yi layi. Uwaye da yawa na tambaya: wannan abu abinci ne na ƙwarai, ko kayan ƙiba ne kawai? Amsar tana hannun wanda ya haɗa. Ana iya samun naɗi biyu da ido ba zai bambanta su ba, ɗaya kalori 470 ne (kalori shi ne awon ƙarfin da abinci ke ba jiki), ɗayan ya haura 1,000. Kuma naman da ake yawan ɗora wa laifi shi ne mafi amfani a ciki. Abubuwan da aka kewaye shi da su ne ke lalata lissafin.

Abin da naman yake bayarwa

Giram 100 na ɗanyar tsokar sa marar kitse yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 21 zuwa 22, da kalori 130 zuwa 150. In aka dafa ko aka gasa, ruwa ya fita, naman kan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, amma furotin ɗin yana nan. Shi ya sa giram 100 na gasasshe ke kai giram 26 zuwa 30. Baligi mai lafiya yana buƙatar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 56. Naɗi ɗaya da aka sa wa nama yadda ya kamata yana ba shi fiye da rabin wannan.

Inda naman sa ya fi kaza da kifi shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ƙera jini da shi. Giram 100 na ɗanye yana da kusan miligiram 2. Adadin bai da yawa a ido, domin mace mai jinin al'ada tana buƙatar miligiram 18 a rana, mai juna biyu 27, namiji 8. Amma ƙarfen da ke cikin nama hanji ya fi saurin zuƙarsa, kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari, alhali na wake da ganye sau da yawa ƙasa da kashi 10 ne ke shiga jini. Bugu da ƙari, cin nama tare da wake ko ganye yana taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen da ke cikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ghana: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2022 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 49. Ba duka ne ƙarancin ƙarfe ya jawo ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila, amma abinci yana da kaso babba.

Sai zink, kimanin miligiram 4 a wannan awo, daga cikin 8 da mace ke buƙata da 11 na namiji. Shi ke taimaka wa garkuwar jiki da warkewar rauni da girman yara. Sai bitamin B12, wanda ba a samunsa a hatsi ko ganye, kuma jijiyoyi da jini ba sa yi sai da shi. Naɗi ɗaya yana kawo fiye da rabin B12 ɗin da ake buƙata a rana.

Abin da naman bai da shi kuwa shi ne bitamin C da faiba, wato harzar abinci da ke sa hanji aiki. Kabeji da tattasai da tumatir ne ke cike wannan giɓi, saboda haka ganyen cikin shawarma ba ado ba ne.

Nama yana da iyakarsa. Masu binciken cutar daji na duniya suna ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, wanda ya haɗa da na miya da na tsitsinga da na kan wake da shinkafa. A 2015 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosij da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanji, ta sa jan nama a rukunin da ake kyautata zaton yana jawowa. Shawarma sau ɗaya ko biyu a mako tana cikin iyaka. Kullum da sosij biyu ta fita.

Lissafin naɗi biyu

Ga na gida, in aka raba fam ɗaya na nama, wato giram 454, gida huɗu. Burodin Lebanon ɗaya mai giram 70, kalori 190. Nama 150. Man da aka soya shi, 30. Ganye giram 100, 30. Miyar kindirmo da ɗan mayonis, 50. Tankora, wato yajin ƙuli-ƙuli, ƙaramin cokali, 15 zuwa 20. Jimla tana tsakanin 450 da 500, furotin kimanin giram 30, gishiri kusan giram 2.

Ga kuma irin wadda ake yawan sayarwa in mutum ya ce a cika masa. Ana haɗa burodi biyu don kada ya yage, 380 ke nan. Nama mai kitse, 200. Mayonis babban cokali uku, kowane cokali kalori 90 zuwa 100, wato kusan 280. Kecop cokali biyu, 35. Sosij ɗaya, 100 zuwa 150. Man shafawa kafin a gasa naɗin, 50. An haura 1,000. In aka bi da kwalbar lemo mai mililita 330, an ƙara kalori 140 da sukari giram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Mace baliga tana buƙatar kimanin kalori 2,000 a rana, namiji 2,500. Wato a zama ɗaya, da dare, an cinye rabin abincin yini, kuma furotin ɗin bai fi na gida da wani abin kirki ba.

Gishiri ya fi ba mu tsoro fiye da kalori, domin ba a ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya shafe, haɗe da wanda ke ɓoye cikin abinci. Burodi biyu kusan giram 2 ne. Sosij ɗaya ya fi giram 1. Mayonis da kecop tare giram 1.5. Naman da aka jiƙa da magi da gishiri wani giram 1 ne ko fiye. An riga an cika awon yini kafin a lissafa koko da ƙosan safe da tuwon rana. Kusan rabin nauyin ƙwayar magi gishiri ne, ko wane kamfani ya yi ta. Mai sa magi biyu ya ƙara gishiri ya ƙara tankorar kasuwa, wadda ita ma tana da magi da gishiri a ciki, ya sa gishiri sau uku bai sani ba.

Sayen nama

A rumfunan mahauta na Nima ko Madina da fam ake awo, fam ɗaya giram 454 ne. A gaya wa mahauci a fili cewa tsoka zalla ake so, ta cinya ko ta gadon baya, ba ƙashi, kuma kada ya daddatsa. In ba a faɗa ba zai haɗa da ƙashi da kitse da tantani kamar na miya. Tozo da ƙirji da haƙarƙari suna da daɗi a wuta amma kitsensu ya yi yawa ga wannan aiki. Ƙwauri kuma jijiya ce, sai doguwar dahuwa, ba ya laushi a kasko.

A je da safe, lokacin da naman bai daɗe da isowa daga mayanka ba. Nama mai kyau ja ne, in aka danna da yatsa ya dawo, ba ya yauƙi, ba ya tsami. Shanun da ake kawowa daga arewa da Burkina Faso zuwa kasuwar Tulaku ta Ashaiman kiwon ciyawa ne, sun yi tafiya, don haka namansu bai da kitse a cikin tsoka amma yana da tauri. Ga lafiya wannan riba ce. Ga haƙori kuwa sai an iya yanka. Daga kasuwa a wuce gida kai tsaye, kada naman ya yi awa biyu cikin leda a trotro.

Yanka da jiƙo

A cire farin kitse da farin tantanin da ke manne da tsokar. Daga fam ɗaya za a samu giram 400 zuwa 420. A sa a firiza minti 30 zuwa 40, ya ɗan yi ƙarfi amma bai daskare ba, sannan wuƙa za ta bi shi siriri. A duba yadda zaren tsokar ya kwanta a yanka ta tsakiyarsa a gicciye, kauri kamar milimita 3 zuwa 4. In aka bi tsawon zaren, komai jiƙon da aka yi naman zai fito yana jan haƙori, mai ci ya ciji ɗaya ya zaro rabin cikin naɗin.

Jiƙon fam ɗaya: ruwan lemun tsami ɗaya, tafarnuwa sala uku a daka, ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa a goge, albasa rabi a markaɗa, masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari biyu a daka, garin barkono yadda baki ke ɗauka, kindirmo babban cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali. In za a sa magi, rabin ƙaramar ƙwaya, kuma a janye gishirin gaba ɗaya. A cakuɗa a rufe a sa a firji awa biyu zuwa huɗu. Kada a bar shi a kan tebur yana jiƙa cikin zafin Accra. Kada kuma ya kwana cikin lemun tsami mai yawa, domin tsami yana sa bayan naman ya yi fari ya bushe.

In naman tsohon sa ne, a goga ɗanyar gwanda babban cokali ɗaya, ko a sa ruwan abarba cokali biyu. Suna da sinadarin da ke narkar da tsoka. Minti 20 zuwa 30 ya isa. In ya wuce haka naman zai dagargaje ya zama kamar dambu mai ruwa.

Tankora a ƙarshe ake barbaɗa ta, bayan an sauke, domin ƙuli-ƙulin da ke ciki yana ƙonewa ya yi ɗaci. Ta fi kyau in a gida aka daka, da ƙuli-ƙuli sabo mai ƙamshi da citta da barkono da kimba kaɗan, ba gishiri. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, wuta kuma ba ta kashe ta, don haka duk ƙuli-ƙulin da ke warin ruma ko ɗaci a zubar.

Burodi

Wanda zai sayi burodin Lebanon na leda ya ɗauki guda ɗaya ga kowane naɗi. Abin da ke sa shi yagewa bushewa ne, maganinsa kuma a ɗumama shi daƙiƙa 15 a kasko ko a kan tururi, ba a ninka shi biyu ba.

Na gida ya fi ƙarancin gishiri. Na mutum huɗu: fulawa giram 200, ruwan ɗumi mililita 120, mai babban cokali ɗaya, gishiri kwata na ƙaramin cokali, yis rabin ƙaramin cokali. A kwaɓa a murza minti takwas har ya yi sulɓi, a rufe ya huta minti 30 zuwa 40. A raba huɗu, a murza kowane ya yi faɗin faranti babba, a gasa a busasshen kasko mai zafi, daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya kowane gefe. Da an cire a sa cikin tsumma mai tsabta a rufe, tururin ne ke sa shi laushi. In kwaɓin yana janyewa lokacin murzawa, bai huta ba. In burodin ya fito yana karyewa, ya daɗe a wuta ko wutar ta yi sanyi.

Fulawar da ake sayarwa a Ghana doka ta sa a ƙara mata ƙarfe da wasu bitamin, amma an cire mata dusa, faibarta kaɗan ce. Ana iya maye kashi ɗaya cikin uku da garin alkama mai dusa, a ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu. Garin gero ma yana shiga, sai dai kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Gero bai da danƙon alkama, in ya yi yawa burodin ba zai naɗu ba.

Ganye, da wankinsa

Nan ne aka fi sakaci, kuma nan ne ciwon ciki ya fi fitowa, domin nama ya ga wuta, ganye bai gani ba. Wani ɓangare na latas da albasa mai lawashi da kabejin da ake ci a Accra a cikin gari ake noma su, da ruwan rafi da na magudana da ba su da tsabta. Daga gona zuwa kasuwa kuma ana yayyafa musu ruwan bokiti ɗaya tun safe.

A cire ganyen kabeji biyu ko uku na waje a zubar. Latas a ware shi ganye-ganye. A wanke ƙarƙashin ruwa mai gudu, sannan a jiƙa minti goma cikin ruwan khal, wato binega, awo ɗaya na khal da awo biyar na ruwa, a ɗauraye da ruwan sha, a tsane sosai. Ɗan gishirin da ake jefawa cikin ruwan wanki ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato. Karas a kankare, kokwamba a fere. Katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai, da wuƙarsa, kada su taɓa ganye sai an wanke su da sabulu da ruwan zafi. Mai hali ya ware katako biyu.

Na mutum huɗu: kabeji giram 200 a yanka siriri, karas babba ɗaya a goge, koren tattasai ɗaya, tumatir biyu masu ƙarfi a cire 'ya'yan da ruwan, albasa ɗaya. Kowane naɗi ya samu giram 100 ko fiye, wato ganyen ya fi naman yawa a ido. Giram 100 na ɗanyen kabeji yana da bitamin C kimanin miligiram 36, koren tattasai 80, kuma wannan bitamin shi ke buɗe wa ƙarfen fulawa da na wake hanya zuwa jini. Zafi da iska suna lalata shi, saboda haka a yanka ganyen dab da ci, kada a soya shi tare da nama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, naɗi ɗaya ya kawo kwata.

Dabara ɗaya da muke so ƙwarai, musamman a gida mai yara da yawa: a dafa farin wake ya yi laushi ba tare da ya fashe ba, a tsane, a sa babban cokali biyu ko uku a kowane naɗi. Fam ɗaya na nama sai ya ishi mutum shida, faiba ta ƙaru, ƙoshi ya daɗe, kuɗin cefane ya ragu. Lokacin fiya kuwa, kwata ɗinta a murƙushe da lemun tsami yana maye gurbin mayonis gaba ɗaya.

Miyar shafawa

Kindirmo ko yogot marar sukari babban cokali takwas, mayonis ƙaramin cokali huɗu, tafarnuwa sala ɗaya, ruwan rabin lemun tsami, barkono. Wannan na mutum huɗu ne. In kindirmon ya yi ruwa a zuba shi cikin tsumma mai tsabta ya tsane awa ɗaya a firji, in ba haka ba zai jiƙa burodin. Dole ya zama na madarar da aka tafasa. A karanta jikin robar yogot, domin yawancin na kanti masu zaƙi ne. Mai son shito ya sa ƙaramin cokali ɗaya, ya tuna cewa mai ne da gishiri, ya rage mayonis.

Wuta

A fito da naman daga firji, a tsane ruwan jiƙon. Kasko mai kauri ya yi zafi sosai, mai babban cokali ɗaya ga fam ɗaya. A raba naman gida biyu ko uku, a shimfiɗa kada wani ya hau wani. Minti biyu ba a taɓa ba, a juya, minti ɗaya zuwa biyu. In aka juye duka lokaci ɗaya kaskon zai huce, naman ya saki ruwa ya dahu a ciki, ya fito toka-toka da tauri, sai a ƙara mai don gyarawa. Mafi yawan shawarmar gida mai maiƙo daga nan take.

A kan kurfoti ko waya, a jira gawayi ya zama garwashi ba harshen wuta. Kitsen da ke ɗiga kan wuta yana tayar da hayaƙi mai manne wa nama, baƙin ƙonewar kuma yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa. Duk inda ya yi baƙi ƙirin a yanke.

Zafin cikin naman ya kai digiri 70 a ma'aunin Selsiyas. Wanda bai da ma'auni ya tsaga mafi kauri ya ga ba ja, ruwan da ke fita kuma fari ne. Wannan zafi yana kashe ƙwayoyin gudawa da 'ya'yan tsutsar ciki ta shanu. Niƙaƙƙen nama ya fi haɗari, domin niƙa ta kai dattin waje har ciki, kuma mahauci kan cusa kitse a injin. Wanda yake son niƙaƙƙe ya zaɓi tsokarsa a niƙa a gabansa, ya dafa ta sarai.

Naɗi

A bar naman ya sha iska minti uku, a barbaɗa tankora. A shimfiɗa burodi mai ɗumi, a shafa miya babban cokali biyu a tsakiya, a bar yatsa biyu a gefe. Kabeji a ƙasa, nama a kai, tumatir a sama, don ruwan tumatir kada ya taɓa burodi. A lanƙwasa ƙasan, a jawo gefe ɗaya a matse, a mirgina. A ɗora a busasshen kasko, bakin naɗin yana ƙasa, minti ɗaya kowane gefe. Ba a buƙatar bota. In ya fashe, an cika shi ko burodin ya huce. In ya jiƙe, ganyen bai tsane ba.

Abin da za a sha da shi yana iya ƙara amfanin ko ya rage. Shayi da ataya da kofi suna da sinadarin da ke riƙe ƙarfen abinci, musamman na fulawa da wake da ganye. Matasan da ke tashi daga shawarma su zauna majalisar ataya su ba da tazarar awa ɗaya, mace mai ƙarancin jini ta fi kowa buƙatar wannan. Ruwa, ko lemun zaƙi ɗaya, ko sobolo da lamurje masu ƙarancin sukari sun fi dacewa. Burkina kuwa da kanta abinci ce, gero da madara da sukari, haɗa ta da shawarma cin abinci biyu ne.

Wa ya kamata ya kula

Mai hawan jini ya yi burodinsa a gida, ya bar sosij da kecop da magi, ya dogara da tafarnuwa da citta da lemun tsami. Mai ciwon sukari ya san cewa burodi ɗaya yana da sitaci kusan giram 40. Ya ci rabi ya ƙara ganye, ko ya naɗe naman cikin ganyen kabeji da aka turara minti biyu. Mai juna biyu tana amfana da ƙarfe da B12, amma naman ya dahu sarai, ganyen a gida aka wanke, madarar tafasasshiya. Mai ciwon ƙoda ko ciwon gaɓoɓi na yawan sinadarin yurik ya tambayi likitansa awon naman da zai ci. Yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar kwata ko rabin naɗi ya ishe shi, a yayyanka naman ƙanana, ba barkono mai yawa, kuma kada a ba shi sosij a dunƙule domin yana shaƙewa.

A watan azumi, shawarmar gida ta fi dacewa bayan Isha ko Tarawihi, in ciki ya riga ya karɓi ruwa da koko. Mai gishiri da yawa a sahur ƙishirwa take jawowa tun hantsi. Bayan Layya kuma, a yanka tsokar cinya fam-fam a ɗaure a leda daban-daban kafin a sa a firiza, don a riƙa fito da na yini ɗaya kawai. In wuta ta ɗauke, firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Naman da ya narke har ya yi ɗumi ba a mayar da shi.

Ajiya, da saye a waje

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a waje, in rana ta yi zafi sosai awa ɗaya. A firji yana kai kwana uku, a ajiye nama daban, ganye daban, miya daban, a naɗa lokacin ci. A sake ɗumama naman har ya yi tururi, sau ɗaya kawai. Wanda zai ba yaro ya tafi da ita makaranta ya sa kwalbar ruwa daskararre a cikin jakar.

A wurin mai sayarwa, a tsaya a duba kafin a miƙa kuɗi. Naman da ke juyawa a tsaye jikin wuta bayansa kawai ke gasuwa, cikinsa ɗanye ne, don haka mai sana'a na ƙwarai yana yanko siririn da ya gasu ya sake bi da shi kan faranti mai zafi. In layi ya yi tsawo yana yankowa da kauri cikin gaggawa, a ce ya ƙara gasawa. A duba ko mayonis yana cikin sanyi ko yana zaune kusa da wuta tun la'asar, ko ganye a rufe yake, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke damƙar kabeji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana tana ba masu sayar da abinci a titi takardar izini, ana iya tambaya. A wajen zango a tambayi inda naman ya fito, a ga ledar sosij da ido, domin akwai masu naman alade ko masu haɗi.

Sai a faɗa masa yadda ake so: burodi ɗaya, mayonis cokali ɗaya, ban da sosij, a ƙara kabeji, kada a shafa bota. Wannan kaɗai yana sauke naɗin daga kalori sama da 1,000 zuwa kusan 550, gishirin ya ragu da kusan rabi, naman kuma yana nan yadda yake.